Bauci da Kasuwar Masu Zuwa Hutu: Darasi Daga Garuruwan Bakin Teku

BAUCI — A kowace shekara, da zarar watan Disamba ya kama, masu hali daga sassa daban-daban na Nijeriya sukan kwashi iyalansu su nufi garuruwan bakin teku domin hutun ƙarshen shekara. Wasu kan tsaya a Legas ko Kalaba, wasu kuwa kan ƙetara zuwa Gambiya, ko Mombasa, ko tsibirin Zanzibar. Birnin Bauci yana da nisan fiye da kilomita 1,000 daga Legas ta hanyar mota, saboda haka ba ya cikin wannan layi. Duk da haka, masu jari na jihar suna da dalilin nazarin yadda waɗannan garuruwa suke samun kuɗi, domin abin da ake saye da sayarwa a can akwai irinsa a nan.

Abin da ake sayarwa a bakin teku

Ruwan teku da rairayi kyauta ne, kuma ba su ne ke kawo kuɗin shiga ba. Abin da baƙo yake biya shi ne ɗakin kwana, da abinci, da motar haya, da tsarabar da zai kai gida. Saboda haka arzikin garin hutu ya dogara ne bisa abubuwa uku: sauƙin isa garin, da yawan kwanakin da baƙo zai yi, da kuma kwanciyar hankalinsa.

Tarihi ya tabbatar da na farko. Garin Brighton na ƙasar Ingila ya daɗe a bakin teku, amma sai bayan da hanyar jirgin ƙasa daga Landan ta isa gare shi a 1841 ne talakawa suka fara yin tururuwa zuwa can. Haka nan Gambiya, wadda gaɓar tekunta ba ta wuce kimanin kilomita 80 ba, ta shiga wannan sana'a a 1965, sa'ad da aka kawo ayarin farko na masu hutu daga ƙasar Suwidin. Tun daga lokacin harkar ta zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin waje na ƙasar. Amma dogaro da baƙin Turai ya nuna illarsa a watan Satumba na 2019, lokacin da kamfanin shirya tafiye-tafiye na Thomas Cook ya karye, sannan annobar korona ta biyo baya a 2020, otal-otal suka zama wayam.

A gida Nijeriya, gaɓar teku ta kai kimanin kilomita 850, amma ba ko'ina ake cin moriyarta ba. Jihar Kuros Riba ta ƙirƙiro bikin Kalaba na watan Disamba a 2004, a zamanin Gwamna Donald Duke, kuma bikin ya zama sanadin cikar masaukan garin a ƙarshen shekara. Sai dai katafariyar cibiyar kasuwanci da shaƙatawa ta Tinapa, wadda aka buɗe a 2007, ba ta jawo cinikin da aka yi tsammani ba. A Legas kuwa, shahararren filin Bar Beach ya ɓace a ƙarƙashin aikin sabon birnin Eko Atlantic, sannan a 2024 aka rushe gine-ginen wurin shaƙatawa na Landmark domin gina babbar hanyar Legas zuwa Kalaba. Abin lura a nan shi ne, manyan gine-gine ba su kawo baƙi da kansu, kuma jarin da aka zuba a fili yana bukatar tabbacin hukuma.

Abin da Bauci take da shi

Ruwan da ke kawo baƙi Jihar Bauci shi ne maɓuɓɓugar Wikki da ke cikin Gandun Dajin Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri, tafiyar kimanin kilomita 110 daga babban birnin jihar. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin dutse, garau da shi, kuma ɗuminsa yana tsayawa a kan awo 31 na ma'aunin zafi dare da rana, rani da damina. Yana kwarara zuwa Kogin Gaji, inda namun daji ke taruwa shan ruwa. Ba shi da igiyar da ke jan mutum kamar tekun Legas, don haka iyaye ba su da fargabar da akan yi a can.

An keɓe gandun a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disamba na 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun ƙasa a 1991, kafin a komar da shi hannun Jihar Bauci a 2006. Yana ɗauke da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a ƙasar nan, ban da ɓauna, da dorina, da gwanki, da gwaggon biri. Akwai kuma kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey, waɗanda ke nuna zaman mutanen da.

Ƙasar Kenya ta daɗe tana haɗa wa baƙo kallon namun daji da wankan teku a tafiya guda, amma sai ya yi doguwar tafiya tsakanin dajin da Mombasa. A Yankari kuwa, ruwan da dajin suna wuri ɗaya.

Ban da wannan, akwai gandun Sumu a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. A cikin birni akwai kabarin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da fadar Sarkin Bauci, wadda asalinta ke komawa ga Malam Yakubu, almajirin Shehu Usman Ɗanfodiyo, sai kuma madatsar ruwa ta Gubi a bayan gari.

Inda kuɗin ke zurarewa

Matsalar birnin ita ce baƙo yana iya ziyartar Yankari ba tare da ya kashe ko sisi a cikin Bauci ba. Wanda ya taso daga Jos ko Kano yakan ratsa gari ya hau hanyar Gombe, ya karkata a Dindima. Wanda ya fito daga Gombe kuwa ba ya ma shigowa. Ayarin ɗalibai da ma'aikata sukan zo da abincinsu a mota, su yi wanka, su juya kafin magariba. Irin wannan baƙo kuɗin ƙofa kawai yake bari.

Lissafin mai sauƙi ne. Iyalin da suka kwana biyu a gari za su biya masauki sau biyu, su ci abinci aƙalla sau shida, su ɗauki shatar mota, su shiga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal neman tsaraba. Kowane ƙarin kwana yana raba kuɗi tsakanin mai otal, da mahauci, da direba, da maɗinki, da mai sayar da kilishi. Wannan shi ne abin da Kalaba ta gane, ta shimfiɗa bikinta a kan makonni maimakon yini guda.

Akwai kuma batun lokaci. Kallon namun daji ya fi kyau da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe. Da damina baƙi sukan ragu, alhali albashin ma'aikata da kuɗin man janareta ba su raguwa. Garuruwan bakin teku suna cike wannan giɓi da tarurrukan kamfanoni, da na ƙungiyoyi, da bukukuwan aure, tare da rage farashin ɗaki. Tun da ruwan Wikki ba ya sanyi a kowane wata, babu abin da zai hana a yi haka a nan.

Dama da haɗari

Tun daga watan Yuni na 2023, da aka bar kasuwa ta yanke darajar Naira, kuɗin tikitin jirgi da na masauki a ƙasashen waje ya fi ƙarfin iyalai da yawa da suka saba fita. Waɗannan su ne kasuwar da Bauci za ta nema, musamman mazauna Kano, da Kaduna, da Abuja. Da yawa daga cikinsu ma ba su sakewa da yanayin shaƙatawar bakin teku. Sun fi son wurin da ke da masallaci, da abincin da suka saba, da lokacin wanka na mata daban. Filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buɗe a 2014, ya rage wahalar isowa, kuma aikin haƙar mai na Kolmani da aka ƙaddamar a watan Nuwamba na 2022 yana iya ƙara yawan masu zuwa harka.

Amma cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya sa tafiyar mota ta yi tsada. Bugu da ƙari, hare-haren 'yan bindiga da aka samu a wasu ƙauyukan Alkaleri a 2025 sun nuna cewa tsaro shi ne jarin farko, domin mai hutu ba dole ne ya zo ba, kuma labari guda ya isa ya sa ya fasa. Haka nan mafarauta da shigar shanu cikin gandun suna barazana ga giwayen, waɗanda in babu su darajar wurin za ta faɗi.

Tsaron hanya da kiyaye daji nauyi ne na hukuma. Sauran aikin kuwa na 'yan kasuwa ne, kuma bai bukaci biliyoyin Naira ba: motocin safa masu tashi a kan lokaci tsakanin birni da Wikki, da ƙananan masaukai masu tsabta da ruwa da wutar hasken rana, da shirin kwana uku a farashi guda wanda zai haɗa Yankari da Sumu da cikin gari. Hutun Sallah biyu da na ƙarshen shekara su ne lokutan da mai ƙaramin jari zai iya gwada kasuwar kafin ya faɗaɗa.