Ƙofofi uku ga sabon ɗalibi a Jami'ar Yamai

Kowace shekara sababbin ɗalibai suna zuwa Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai daga jihohi kamar Damagaram, Maraɗi da Tawa. Da yawansu suna shan wahala a watannin farko, don ba su san ofishin da ke kula da kowace bukata ba.

Ƙofa ta farko ita ce ofishin rajista. Nan ɗalibi yake rubuta sunansa, ya samu katin ɗalibi. Sauran ofisoshi sukan nemi wannan kati kafin su saurare shi.

Ta biyu ita ce hukumar CROU, mai kula da rayuwar yau da kullum: ɗakin kwana, abinci, motocin jigila da asibiti. Ɗakuna ba su isar kowa, shi ya sa ake nema da wuri.

Ta uku ita ce hukumar ANAB, mai ba da kuɗin tallafin karatu. Wanda bai kai takardunsa cikin wa'adi ba, yana iya rasa tallafin wannan shekara.

Tsofaffin ɗalibai ƴan garinsu sukan yi wa baƙo jagora. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.