LABARIN PAUL WITTGENSTEIN, MAKAƊIN FIYANO MAI HANNU ƊAYA

Masu karatu, fiyano wani babban akwatin kiɗa ne na Turawa, mai madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. In an danna ɗaya sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiya a ciki. Bisa al'ada hannun dama shi ke ɗauke da karin waƙa, na hagu kuwa ya riƙe masa gindi da murya mai kauri. To, ga labarin wanda ya rasa na daman, ya kuwa ƙi barin sana'ar.

An haifi Paul Wittgenstein a Biyana, babban birnin Ostiriya, cikin 1887. Ubansa, Karl, attajiri ne mai masana'antun ƙarfe, ƙanensa kuwa shi ne Ludwig, shahararren malamin falsafa. Manyan masu tsara kiɗa irin su Brahms da Mahler sun saba shiga gidansu. Paul ya yi koyo wurin gwanin malami Theodor Leschetizky, ya fara fita gaban jama'a cikin Disamba 1913.

Ko shekara bai cika da fitowa ba sai Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, aka ɗauke shi soja. Cikin 1914 harsashi ya same shi a gwiwar hannun dama, aka yanke hannun, Rashawa kuma suka kama shi suka kai shi Omsk cikin Saibiriya. A can ya sami akwatin katako, ya zana madannai a kai da gawayi, ya dinga horar da yatsunsa biyar da suka rage, ba amo, ba mai sauraro. Cikin 1915 aka yi musayar fursuna ya komo gida, cikin 1916 kuwa ya sake hawa dandali a Biyana.

Hausawa kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To, yaya ya yi? Ga dabarar. Madannai masu siririyar murya suna wajen dama, babban yatsan hagu kuwa can ya ke fuskanta, saboda haka shi ya ɗora wa karin waƙa, sauran yatsu suka riƙe gindi. Sa'an nan akwai mataki na ƙafa, wanda in an taka shi tsirkiya ta kan ci gaba da amo bayan an ɗaga yatsa. Sai ya bugi murya mai kauri, ya riƙe ta da ƙafa, hannu ya yi tsalle zuwa dama. Mai sauraro ya rantse hannu biyu ne.

Amma saura matsala ɗaya. A Turai mai tsara kiɗa dabam, mai bugawa dabam, kuma kusan dukan abin da aka rubuta na masu hannu biyu ne. Nan dukiyar gidansu ta yi rana. Tsohon malaminsa Josef Labor, wanda makaho ne, ya fara rubuta masa. Daga nan ya biya Korngold da Hindemith da Richard Strauss da Prokofiev da Ravel da Britten, kowa ya tsara masa kiɗan hannun hagu tare da taron makaɗa. Na Ravel, mutumin Faransa, shi ya fi duka suna, Wittgenstein kuwa ya fara buga shi a Biyana cikin Janairu 1932.

Sai dai mutum ne mai taurin kai. Ya sāke wa kiɗan Ravel fasali ba da izini ba, har suka ɓata, kafin su haɗu a dandali ɗaya a Faris cikin 1933. Na Prokofiev da na Hindemith kuwa ba su kwanta masa ba, bai taɓa buga su gaban jama'a ba. Na Hindemith ma ɓoye shi ya yi, ya hana kowa.

Da Hitila ya haɗiye Ostiriya cikin 1938, aka hana shi wasa saboda kakanninsa Yahudawa ne. Ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya zauna yana koyarwa. Cikin 1957 aka buga littafinsa na horar da hannun hagu, juzu'i uku. Ya rasu a jihar Niyok cikin Maris 1961.

Ku dubi inda abin ya ƙare. Kiɗan Prokofiev, wanda ya ƙi, Siegfried Rapp ne ya fara buga shi a Barlin cikin 1956, shi ma kuwa ya rasa hannun dama a Yaƙin Duniya na Biyu. Na Hindemith sai bayan rasuwar matar Wittgenstein aka same shi cikin takardunsa, Leon Fleisher ya buga shi a Barlin cikin 2004, makaɗin da ciwo ya nannaɗe masa yatsun dama tun wajen 1964. Kansa ya nemar wa mafita, amma duk makaɗin da ya rasa dama a bayansa ya tarar da abin bugawa a ajiye.

Iyakar labarin ke nan.