Babi na Bakwai: Kabarin Dutse da Kushewar Ƙasa

Duk wanda ya san murhu ya san siffar kabarin dutse na mutanen da. Duwatsu ake kafawa a tsaye, a ɗora wani falalen dutse a kansu kamar an aza tukunya, gawa kuma tana ƙarƙashi. Girma ne kawai ya bambanta su, don na saman yakan kai tan da yawa, alhali a wancan zamanin babu inji, sai igiya da gungume da ƙarfin gayya. Turawa na kiransa dolmen. Wanda ya yi suna shi ne na Poulnabrone a ƙasar Ailan. An fara tona shi a 1986, aka sami ƙasusuwan mutum wajen 33 da aka binne tsakanin shekara ta 3800 da 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Afirka ta Yamma ma akwai da'irorin duwatsu na Wassu a Gambiya da Sine Ngayene a Senegal, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2006.

Magabatanmu na ƙasar Katsina kuwa da ƙasa suka yi nasu. A Durɓi Takusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani, akwai tsibin ƙasa manya da ƙanana da ake dangantawa da sarakunan Durɓawa. Sunan ma ya faɗi komai, kusheyi ai jam'in kushewa ne. Bature H. R. Palmer ya tona wasu a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake buɗe uku, kowanne da mutum ɗaya a tsakiya, aka kai abin da aka samu birnin Mainz na Jamus don bincike, bai dawo gida ba sai 2014. Akwai wuri, da warwaron hauren giwa, da duwatsun wuya, da 'yan kunnen zinariya, da wata tasar ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya. Biyu daga cikin kaburburan na wajen ƙarni na 13 zuwa 14 ne. Ashe tun kafin Katsina ta shahara da malamai, fatauci ya riga ya haɗa ta da ƙetaren Sahara.

To amma dutse yana tsare kansa, ƙasa ba ta iyawa. Nan ne abin ya shafi Funtua da Malumfashi, yankin da ake kira Katsina Laka, inda masara da auduga ba su bar fili zaune ba. Tsohon yanki ne, tsoffin garuruwa irin su Gozaki sun isa shaida. Tsibin da ya tsallake fartanya da garmar shanu shekara ɗaruruwa, tarakta na iya baje shi a yini guda. Manomi yakan ci karo da tsingaro ko kashin tama a kufai, ko ɗan gogaggen dutsen nan da muke kira gatarin aradu. Ba aradu ce ta jefo shi ba, hannun mutum ne ya wasa shi tun kafin a san ƙarfe.

Abin da aka tono a ɓoye aka sayar wa dillali ya rasa rabin darajarsa, domin zurfin da aka same shi da abin da ke gefensa su ne ke nuna shekarunsa. Idan garmarka ta taɓo irin wannan, bar shi inda yake, ka gaya wa mai unguwa a sanar da gidan tarihi na Katsina.