Suna Linzami: Yaranmu na Kabi da Takwarorinsu Tsarkaka

Idan kana so kunya ta kama ka a matsayinka na uba, to ka shiga ajin makarantar Lahadi a wata majami'a ta Birnin Kebbi, ka ce yara su tashi ɗaya bayan ɗaya su faɗi sunansu na baftisma. Za ka ji Bitrus da Andarawus, ka ji Monika da Sisiliya, wani lokaci har da Kizito. Sa'an nan ka sake tambaya, ka ce, "To, wane ne takwaranka, kuma me ya yi a duniya?" Nan fa aji zai yi shiru kamar malam ya ci shirwa. Na gwada wannan ba sau ɗaya ba, kuma amsar da na fi samu ita ce, "Malam, Baba ne ya sa mini." Hausawa sun ce suna linzami, amma ga shi mun sa wa doki linzami ba mu riƙe shi ba.

Abin da ya ƙara mini zafin al'amarin shi ne, ƙasar da muke zaune a cikinta ba ta wasa da labarin magabata. Ka tare yaron Argungu a bakin kasuwa ka ambaci Kanta, zai ba ka labarin sarkin da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya gina Surame, har ya nuna maka hanyar gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa. A Gwandu, yaro mai suna Abdullahi ya san ƙanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne takwaransa, ya kuma san inda kabarinsa yake. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta gane wannan hanya tun da daɗewa, gama cikin abubuwan da take ba jajojinta su kai wa matan ƙauye har da waƙoƙin da ke ba da labarin mata masu tsoron Allah na zamanin da. Maƙwabtanmu dai sun san cewa ba a ɗura wa yaro hali da mazurari, sai an nuna masa mutum an ce, ga yadda wane ya yi.

Nauyin nan kuwa a wuyanmu yake, ba a wuyan kowa ba. Tun cikin shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe yawancin makarantun mishan. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991, Kirista da dama suka taso zuwa sabon babban birni, wasu ma'aikatan gwamnati daga ƙasar Zuru da Yawuri, wasu 'yan sanda da sojoji, wasu 'yan kasuwa daga kudu. A Birnin Kebbi da Argungu mu tsiraru ne, kuma iyaye sun daɗe suna kukan cewa ba kowace makarantar gwamnati ce ke da malamin darasin addinin Kirista ba. Wato sau da yawa abin da yaro zai samu shi ne awa ɗaya ta ranar Lahadi, da ɗan abin da uwa za ta faɗa masa da dare bayan an ci tuwo.

Kafin in ci gaba, bari in kawar da wata ƙaya daga hanya, don na san masu karanta wannan shafi ba ɗarika ɗaya ba ne. Ɗan Katolika zai ce waliyyi, yana kuma roƙon waliyyai su yi masa addu'a. Ɗan ECWA ko UMCA ko Baftis ba ya yin haka, zai ma tuna maka cewa Manzo Bulus dukan masu bi ya kira tsarkaka a cikin wasiƙunsa. Wannan muhawara ta girme mu, ba kuwa a shafin jarida za a warware ta ba. Amma babu wanda zai yi musun sura 11 ta Littafin Ibraniyawa, inda aka jera mutanen da aka yi a da, aka faɗi abin da kowannensu ya aikata saboda bangaskiya. A kan wannan tabarma duka za mu iya zama.

Wanda ya fi sauƙin farawa da shi a kwarin Rima shi ne Bitrus. A wasu garuruwa sai malami ya yi ta fama yana bayyana wa yara yadda taru yake, amma a Argungu yaran ne za su koya wa malami. Sun ga homa da gora, sun ga yadda dubban masunta ke rugawa cikin ruwan Matan Fada a lokacin bikin kamun kifi, sun ga an ɗaga giwan ruwa da ya fi yaro tsawo. Saboda haka idan aka karanta musu sura 5 ta Luka, inda Siman da abokansa suka kwana suna su ba su kama kome ba, ba sai an gaya musu irin gajiya da ɓacin ran da ke fuskar mutumin ba. Idan aka kai sura ta ƙarshe ta Yahaya aka ce kifi 153 aka jawo kuma tarun bai tsage ba, za ka ga sun dubi juna, don sun san nauyin abin.

Sai dai kada malami ya wanke Bitrus tas kafin ya miƙa wa yara. A faɗa musu cewa wannan masunci mai saurin baki ya yi musun Ubangijinsa har sau uku, farkon musun ma a gaban wata baiwa ce kawai, ya fita ya yi kuka, daga baya kuma aka danƙa masa kiwon garke. Yaron da ya taɓa ɓoye sunansa na baftisma a filin ƙwallo don kada a yi masa dariya, wannan sashen na labarin ne zai shiga zuciyarsa. Waliyyin da bai taɓa faɗuwa ba hoto ne na rataya a bango, yaro zai dube shi ya wuce.

Inda ni na yi tuntuɓe shi ne kan shahidan Yuganda. Labarin sananne ne. A 1886 Sarki Mwanga na Biyu na ƙasar Buganda ya sa aka kashe samarin fadarsa da suka karɓi bangaskiya, aka ƙone da yawansu a Namugongo ran 3 ga Yuni. Shugabansu shi ne Charles Lwanga, ƙaraminsu kuwa Kizito, ɗan shekara 14 ko kusa da haka. Ana lissafa 'yan Katolika 22 da 'yan Angilikan 23, kuma Paparoma Bulus na Shida ya sa na Katolikan cikin jerin waliyyai a 1964. Wata Lahadi na ba yara wannan labari, na daɗe a kan itace da wuta da hayaƙi, ina jin daɗin yadda suka zuba mini ido. Da aka tashi, wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba ta jawo rigata ta ce, "Malam, mu ma za a ƙone mu ne?" Wani yaro da ke bayanta ya ce shi idan ya girma sai ya rama. Na koma gida jikina a sanyaye, don na je shuka ƙarfin hali na shuka tsoro a zuciya ɗaya da ƙiyayya a ɗayar.

Abin da ya kamata in jaddada musu daban ne. Cikin dalilan fushin Mwanga har da cewa samarin sun ƙi yarda da abin kunyar da yake nema da su, kuma Lwanga, wanda yake babba a cikinsu, ya riƙa kare ƙananan daga hannun sarki. Ga darasin da yarinya za ta iya tafiya da shi makaranta ran Litinin: idan babba, ko malami ne, ko kawu ne, ko ma'aikacin majami'a ne, ya nemi abin da bai dace ba, a ce a'a, a kuma gaya wa uwa. Ga na manyan ɗalibai kuma: aikin babba shi ne ya tsare ƙarami, ba ya ƙwace masa kuɗin tara ba. Da na ƙara da cewa kimanin shekara 10 kafin haka mahaifin Mwanga, Sarki Mutesa, ya kashe samari Musulmi na fadarsa saboda sun tsaya kan addininsu, da yaron nan ya gane cewa zalunci ba shi da alƙibla.

Ba za mu iya ɓoye wa yara halin da ake ciki ba, kunnuwansu sun fi namu. Sun ji an kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ran 17 ga Yuni 2021, wasu 'yan matan ba su dawo ba sai a 2023. Sun ji na makarantar 'yan mata ta Maga a Nuwamba 2025, inda aka kashe mataimakin shugaban makarantar, da na makarantar Katolika ta Papiri a Jihar Neja 'yan kwanaki bayan haka. 'Yan Katolika na Birnin Kebbi da Argungu, waɗanda ke ƙarƙashin Diyosis na Sakkwato, ba su manta da Michael Nnadi ba, ɗan shekara 18 mai koyon aikin fada, wanda aka sace daga makarantarsu ta Kaduna a Janairu 2020 aka kashe shi. Yaron da ke kwana da irin wannan labari yana bukatar wanda ya bi ta wannan ƙofa ya fito da zuciyarsa.

A ganina babu wadda ta kai Josephine Bakhita. An haife ta a Darfur ta ƙasar Sudan wajen 1869, kuma tana ƙarama masu cinikin bayi suka sace ta. Tsananin firgita ya sa ta manta da sunan da iyayenta suka raɗa mata, sai waɗanda suka kama ta suka sa mata Bakhita, wato mai sa'a. A dubi wannan ba'a! An sayar da ita hannu zuwa hannu, a wani gida aka yi mata tsaga fiye da 100 a jiki aka cusa gishiri a ciki. Daga bisani wani jami'in jakadancin Italiya a Khartum ya saye ta, ta bi shi zuwa ƙasarsu. A can ne, a 1889, ta ƙi yarda a mai da ita Sudan tare da uwargijiyarta, har magana ta kai gaban hukuma aka yanke cewa ita 'yantacciya ce. Aka yi mata baftisma a Janairu 1890, ta zama sista, ta yi shekaru masu yawa a garin Schio tana dafa abinci tana tsaron ƙofa, har ta rasu ran 8 ga Fabrairu 1947. A shekara ta 2000 aka sa ta cikin waliyyai.

Kowa ya san ta da yafe wa waɗanda suka zalunce ta, amma a nan ma sai malami ya yi hankali. Kada a koya wa yarinya cewa gafara ita ce a sunkuyar da kai a yi ta shan duka. Bakhitar da ta yafe ita ce dai ta kafe ta ce ba za ta koma bauta ba. Abubuwan biyu tare suke tafiya, kuma yaran Kabi suna da misalin da zai taimake su gane haka, gama bikin da garin Argungu ke alfahari da shi ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo a 1934, bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Kabawa ba su zama bayin kowa ba don sun karɓi baƙo da kifi.

Su ma malamai suna da nasu takwaran. Cyprian Michael Iwene Tansi, ɗan Aguleri da aka haifa a 1903, malamin firamare ne har ya kai shugaban makaranta kafin a naɗa shi fada a 1937. Da ƙafa da keke ya riƙa zaga ƙauyukan ƙasar Onitsha, kuma cikin yaran da ya yi wa baftisma akwai wani ɗan shekara tara da ya zama Kadinal Francis Arinze. Ya rasu a Ingila a Janairu 1964, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma ya zo Nijeriya ya ayyana shi mai albarka a Maris 1998. An ce mutum ne mai tsanani, amma abin da ya ɗora wa wasu ya fara ɗora wa kansa. Malamin da ke ba da labarin Tansi yana zuwa aji a makare, yara za su saurari agogonsa su bar bakinsa.

Makonni bayan tuntuɓen da na yi, na ba kowane yaro aikin gida: ya je ya tambayi iyayensa dalilin sunansa, ya kuma kawo abu ɗaya da takwaransa ya yi wanda shi ma zai iya yi kafin Lahadi mai zuwa. Wasu iyayen sun fusata, wani uba ma ya aiko cewa a kalanda ya ga sunan. Amma wata uwa ta zo da kanta bayan sujada, goyo a baya, ta ce, "Malam, ni ma ban san tawa ba." Muka zauna a gindin dogon yaro, ni da ita da 'yarta, na fara ba su labarin wata mata ta Arewacin Afirka da ta yi shekaru tana yi wa ɗanta mai taurin kai addu'a, har ya tuba ya zama Bishop Agustin na Hippo. Ba mu kai rabi ba jaririn ya farka da kuka, ta ce in ajiye mata sauran sai mako mai zuwa, za ta zo da mijinta.