Ko Kun Sani? Man Giyar Mota Daga Kan Dabbar Teku

Har farkon shekarun 1970, man da ake zubawa a giyar otomatik a Amurka yana ɗauke da man wani nau'in wel, ƙatuwar dabbar tekun nan mai siffar kifi. Daga cikin kanta ake kwaso shi, kuma zafi ba ya saurin lalata santsinsa. Man Dexron da kamfanin General Motors ya fitar a 1967 ma da shi aka haɗa. Da Amurka ta hana shigo da shi don kada dabbar ta ƙare, dole aka sake haɗi.

Zafin nan dai har gobe shi ne ajalin giyar tsohuwar mota. Jan launin man rini ne kawai, don a bambanta shi da baƙin mai idan ya ɗiga a ƙasa. In kun zaro sandar awo kuka ga ya yi duhu yana warin ƙuna, mai yiwuwa faya-fayan kulocin ciki sun fara cinyewa. A yawancin tsofaffin motoci ana auna shi ne injin na aiki, ya ɗau zafi, mota na tsaye a wuri mai bai ɗaya. Kada bakanike ya ce muku kowane mai ma ya yi: irin wanda littafin motar ya ambata za a zuba.