Baƙin Kaka

Kowa ya san shamuwa. In ka gan ta ta sauka bisa tsamiya a bakin gari, ka san damina ta ƙarato, sai a shiga gyaran gona. In ruwa ya ɗauke, dawa ta nuna, sai a wayi gari babu ita. Ta nufi ƙasashen gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke farawa sa'ad da tamu ke ƙarewa. Amma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, lokacin da shamuwa ke barinmu, lokacin ne waɗansu baƙin tsuntsaye su ke sauka a fadamunmu da tafkunanmu, dubbai bisa dubbai. Daga Turai su ke fitowa, waɗansu ma har daga Sabiriya, can arewacin Rasha.

Ga abin da ke koro su. Bayan watannin Satumba da Oktoba da Nuwamba, waɗanda mu ke kira kaka, sanyi ya kan sauka a ƙasashen nan, irin wanda hunturunmu bai kai ko kusa da shi ba. Ruwan tafki ya kan daskare, har mutum ya taka bisansa ya wuce. Ƙwari su mutu, ko su ɓuya. To, tsuntsun da abincinsa ke cikin ruwa ko cikin laka, ina zai sa bakinsa? Ashe yunwa ce ke korarsu, fiye da sanyin.

Mutanen can sun mai da kallon tashin tsuntsayen nan al'ada. Ran hutu da kaka, mutum ya kan rataya tabarau mai jawo nesa, ya ɗauki ɗan littafi, ya tafi bakin tafki da asuba. A wurare da yawa an kafa 'yan ɗakunan katako a bakin ruwa, masu ƙananan tagogi, don mutum ya ga tsuntsu, tsuntsu bai gan shi ba. Ba harbi, ba tarko, kallo ne kurum da rubutu. Wani zai ce wannan aikin wanda ya rasa abin yi ne. Amma daga irin wannan zama aka samo yawancin abin da za ka karanta a nan.

A zamanin da, ko masanan Turai ba su san inda tsuntsayen ke zuwa ba. Har waɗansu sun ce tsattsewa nitsewa ta ke yi cikin lakar kududdufi, ta yi ta barci sai sanyi ya wuce. Ana nan, cikin shekarar 1822, a ƙasar Jamus, kusa da wani gari wai shi Klütz, aka harbo wata farar shamuwa irin tasu. Da aka duba, sai ga mashi ya soke wuyanta ya ɓullo, kuma mashin irin na mutanen tsakiyar Afirka ne. Watau an jefe ta a Afirka, ba ta mutu ba, ta tashi da mashin har gida. Aka gyara gawarta aka ajiye, tana nan a Jami'ar Rostock.

A 1899 kuma wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, sunansa Mortensen, ya yi wata dabara. Ya riƙa kama tsuntsaye yana sa musu ɗan zobe marar nauyi a ƙafa, da lamba a jiki, sa'an nan ya sake su. Duk wanda ya tsinci tsuntsu mai zobe, sai ya aiko da labari. Dabarar ta bazu ko'ina, kuma da ita aka gane hanyoyinsu.

Farar shamuwa da rana ta ke tafiya. Ta kan hau iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa, ta yi ta kewaya kamar angulu, in ta yi sama sai ta miƙe fukafukai ta sulala gaba. Bisa teku babu irin wannan iska, don haka sai ta nemi inda ruwa ya tsuke, kamar mashigin Jibralta, tsakanin Sifen da Maroko, wanda faɗinsa wajen mil 9 ne. Agwagi da ƙananan tsuntsaye kuwa yawanci da dare su ke tafiya, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, wadda faɗinta ya fi mil 1,000. Guzurinsu kitse ne. Akwai ɗan tsuntsun da bai kai gwara girma ba, ya kan ci har nauyinsa ya kusa ninkawa kafin ya tashi. Wanda kitsensa ya ƙare a tsakiyar rairayi, nan zai faɗi. Wanda ya fita, ruwan farko da zai tarar shi ne na ƙasashenmu: bakin kogin Sanagal, da fadamun Kwara a Mali, da Tafkin Cadi, da fadamun Haɗejiya da Nguru.

A nan Nijeriya ta Arewa, in kana son ka gan su da yawa, ka nufi tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are su ke malala bisa fadama kafin su haɗu su gangara Cadi. Akwai Dagona a ƙasar Bade, da Baturiya a ƙasar Haɗejiya, wuraren da aka keɓe domin tsuntsaye. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun da duniya ta yi alkawarin kiyayewa. Amma ko tafkin bayan garinku ba zai rasa baƙo ba.

Ka fita da sassafe, ka sa rana a bayanka don kada ta kashe maka ido. Kada ka sa farar riga, gama tun daga nesa za su hango ka. Ka sami gindin itace ka zauna, ka yi shiru. Da fari za ka ga kamar babu kome, sai ido ya saba.

Ka fara da 'yan gida, waɗanda ka riga ka sani: dinya, da kirinjijiya mai fito, da zalɓe, da balbela. Gauraka kam ta yi wuyar gani yanzu a Nijeriya, wanda ya gan ta ya yi sa'a. In ka ware waɗannan, sai ka duba sauran. Akwai wata 'yar agwagwa, ba ta kai kirinjijiya ba, ta kan zo garke garke. Da kaka namijin da macen kusan kamarsu ɗaya, ruwan ƙasa. Sai can wajen Fabrairu, in tafiya gida ta kusa, namijin ya kan fito da farin zane bisa ido kamar gira. Akwai wata kuma mai dogon wuya da wutsiya mai tsini. A gonakin shinkafa za ka ga waɗansu masu dogayen ƙafafu, suna tsintar ƙwayar da ta zube bayan yanka, in sun tashi sai su juya gaba ɗaya kamar hayaƙi. A nan ba su da ado ko kaɗan, amma a can gida namijin ya kan yi tulin gashi kewaye da wuya, ya yi ta taƙama gaban mata. Ka duba kuma ƙarƙashin shanu, za ka ga ɗan tsuntsu mai rawayan ciki yana kaɗa wutsiya, yana kama ƙwarin da kofato ya tayar. Shi ma baƙo ne.

Dukansu ruwan fadama su ka biyo, in babu shi sun halaka. Da aka yi fari a ƙasashenmu a 1968, sai a 1969 masu kallo a Ingila su ka ga fiye da rabin wani irin ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai komo ba. Bayan wannan aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992. Sun kawo amfani ga Kano da masu noman rani, ba mai musun wannan. Amma ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗejiya da Nguru ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Ruwan da agwagwa ta rasa, shi ne wanda masunci ya rasa, da mai shinkafa, da Bafillacen da ke kawo shanu da rani. Saboda haka in masu ƙidaya sun ce tsuntsaye sun ragu a wani tafki, ya kamata mutanen wurin su saurara. Tun 1967 a kan yi wannan ƙidaya a ƙasashe da yawa, cikin watan Janairu.

Kai da ka koyi rubutu, kana iya taimako. Ka sami ɗan littafi, ka rubuta ranar da ka fara ganin baƙin, da sunan tafkin, da kimanin yawansu. Baɗi ka sake, ka gwada da na bana. In kuwa wani maharbi ko masunci ya sami tsuntsu da zobe a ƙafa, kada a yar, kada kuma a ba yara su yi wasa da shi. Ba laya ba ce, ba kuwa abin tsoro. Ka duba da kyau, za ka ga lamba, sau da yawa kuma da sunan wani birni, kamar London ko Paris. Ka kwafe su daidai, harafi harafi, ka ƙara da rana da wata da sunan wurin da aka same shi. Sa'an nan ka kai wa ma'aikacin gandun daji na wajenku, ko ka aika wa makarantar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Jos, su za su sadar da labarin ga waɗanda su ka sa zoben.