Bishara da Tsadar Rayuwa: Daga Mile 2 Zuwa Ƙauyukan Arewa

Ranar Lahadi da safe, kafin tashar Mile 2 ta cika da ihun 'yan kamasho, za ka ga 'yan Arewa riƙe da Littafi Mai Tsarki suna neman motar zuwa majami'a. Daga Filato suke, da Kudancin Kaduna, da Adamawa, da Zuru, da ƙasar Tangale. Harsunansu daban-daban ne, amma Hausa ce ke haɗa su a sujada, kamar yadda take haɗa 'yan'uwansu na Agege. Da yawansu masu gadi ne, ko 'yan dako, ko 'yan acaɓa.

Legas tana da tsohuwar alaƙa da wannan imani. A nan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a 1893 da nufin kai bishara Arewa. Biyun farko sun rasu a 1894, amma aikin ya haifi mishan ɗin SIM, daga shi kuma aka sami ekklisiyar ECWA a 1954. Reshenta na EMS, mai hedikwata a Jos, shi ke tura masu bishara ƙauyuka, kuma baikon masu bi ne ƙashin bayan aikin.

A nan ne tsadar rayuwa ta yi cizo. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Tun a Yunin 2022 kuwa gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Apapa da ke maƙwabtaka da Mile 2.

Mai gadin da albashinsa bai motsa ba, dole ya biya kuɗin mota, ya aika wa iyali na masara, sannan ya ware zakkarsa. Ko ya saka abin da ya saba sakawa a kwanon baiko, darajarsa ta zube. Can a ƙauye, mai bisharar da ya dogara da wannan kuɗi sai ya jingine babur, ya taka da ƙafa.

Duk da haka majami'a ba ta naɗe hannu ba. Zumuntar mata takan tara mudun shinkafa ko gari ta kai wa gwauruwa, a yi karo-karo don maras lafiya, a nema wa sabon zuwa wurin kwana. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma mai yunwa ya fi jin wa'azin da ya zo da tuwo.

Sai dai taimako yana bukatar tsari. Ranar 21 ga Disamba 2024 mutum goma suka mutu a turmutsutsin rabon abinci a wata majami'a da ke Maitama, Abuja. Fastoci da dattawa sun san gidajen mabukata, don haka su kai musu a asirce. Kada kuma a tambayi addinin mai karɓa, domin mai gadi Kirista da maƙwabcinsa Musulmi mai shayi a kasuwa ɗaya suke awon shinkafa.